Shuka Huɗu a Kabad ɗin Falo

Khayelitsha, watan Yuni

Zuwa ga yayana Bonakele,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da iyali da dabbobi. Mu nan sai godiya.

Bhuti, babban yayana, irin da ka aiko cikin kwalin ashana ya iso tun watan jiya. Ban rubuto godiya ba saboda kunya, ka kuma san inda kunyar ta fito. Ba zan iya maganar nan ta waya ba, bangon gidanmu ba ya riƙe sirri, kai ma sai ka hau tudu kafin wayarka ta kama. Don haka ka yi haƙuri da takarda.

A wancan karon na ce maka mijina Malusi ba shi da lafiya kawai. Gaskiyar ita ce ciwon daji ne, ya fara daga ciki ya shiga ƙashi. Asibiti sun sallame mu, sun ce mu je gida mu kula da shi. Maganin ciwon da suke ba shi yana aiki, amma yana sa shi amai, abinci ba ya zama, barci kuma sai dai ya gani a idon wasu. Wata nas ce ta ja ni gefe ta ce shayin ganyen wiwi yakan taimaki wasu su ci su kuma runtsa. Da na faɗa masa sai ya juya fuska bango. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana wa'azi a kan wannan ganye. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ba zai sha na saye ba, ba zai sha wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa ba, sai wanda aka shuka a gida kamar yadda doka ta yarda yanzu.

To na shuka. Ba mu da fili, kuma ko da muna da shi ba zan sa a idon maƙwabta ba. Na kwashe kayan da ke babban kabad ɗin falo, na jera bokitin fenti huɗu, na rataye farar fitila mai ƙarfi da na saya a gari, da ƙaramar fanka. Duka huɗun sun tsiro, na yi murna har na yi waƙa. Daga nan suka tsaya. Yau sun fi wata amma ba wadda ta wuce tsawon ɗan yatsana. Ganyen ya sunkuya, wasu ƙananan ƙudaje suna tashi daga ƙasar. Ina ba su ruwa safe da yamma, ban taɓa fashi ba.

Kai ka gaji gonar Baba, ni na gudu daga cikinta. Ka faɗa min abin da nake yi ba daidai ba. Mijina yana jira.

Ƙanwarka,
Nozuko

Lusikisiki, ƙarshen Yuni

Nozuko,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Mu lafiya, sai sanyi, sai akuya ɗaya da dila ya ɗauke.

Na karɓi wasiƙarki a shago ranar da tsofaffi ke karɓar kuɗinsu. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya har mai shago ya leƙo. Waliyyin naki ne yau yake jiran ganyen gonar Shaiɗan? Haka ya kira gonar Baba ranar da ya zo neman aurenki, ya ƙi zama a kujerarmu, alhali takalmin da kika sa kika je cocin da kuka haɗu daga wannan gona ya fito. Na daɗe ina jiran ranar da zan faɗi wannan. Da na kai wurin da kika ce ya shiga ƙashi sai na daina dariyar. Ba na yi wa maƙiyina fatan haka, balle mijin ƙanwata.

Yanzu maganar shuka. Kashe su kike yi da ruwa. Safe da yamma! Wa ya ce miki jarirai ne? Wannan abu a gangaren dutse yake fitowa, inda ruwa ke wucewa ba ya kwana. Saiwa ma tana numfashi, idan kika jiƙa ta kullum sai ta ruɓe, ƙudajen nan kuma warin ruɓar suka biyo. Na tabbata ba ki huda gindin bokitin ba, don na san ki, ba kya son a ɓata abu mai kyau. Ki huda. Ki daina ba su ruwa sai kin tura yatsa cikin ƙasa kin ji a bushe. Idan tausayi ya kama ki, ki je ki ba mijinki ruwan.

Amma saurara. Abin nan wata huɗu yake ci ko a hannun wanda ya iya. Nawa na bana na sayar tun girbi, amma akwai busasshe a kowane gida a kwarin nan. Zan cusa miki a tsakiyar buhun wake in ba direban bas, cikin kwana biyu yana hannunki. Ki ce masa daga kabad ya fito. Ƙaryar da za ta sa mutum barci ba na jin Allahnku zai rubuta ta.

Yayanki,
Bonakele

Khayelitsha, watan Yuli

Yayana Bonakele,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na karanta abin da ka ce game da Malusi, ban ji haushi ba. Kana da gaskiyarka.

Kada ka aiko da buhun. Ɗan kawunmu har yau yana kurkuku saboda irin wannan buhu, ba zan sa ka ko direban mutane a wannan hali ba. Kuma Malusi ba yaro ba ne. Duk safiya sai ya sa na buɗe kabad na kwatanta masa yadda suke. Idan na kawo masa shayi alhali jiya na ce masa tsawon yatsa ne, zai gane, kuma zai ture kofin. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, cewa bai taɓa karya doka ba, ba ni zan ƙwace masa shi ba.

Na yi yadda ka ce. Na gasa ƙusa na huda bokitan, ruwan da ya fito baƙi ne mai wari. Ɗaya ta riga ta tafi, da na ja ta sai ta fito ba saiwa. Ukun sun ɗaga kai, ƙudajen sun ragu. Amma Bhuti, tsawon bai ƙaru ba. Na sa zare na auna, na ɗaura ƙulli, bayan mako biyu ƙullin yana nan daidai kansu. Ganyen ƙasa kuma ya fara rawaya.

Jikinsa ya ƙara sauka. Yanzu ni nake ɗaga shi in yi masa wanka, ni da ban kai kafaɗarsa ba. Kunun masara cokali uku yake sha, na huɗu sai ya dawo. Idan ciwon ya taso ba ya ihu, sai ya cusa bakin bargo a baki don kada maƙwabta su ji mai wa'azi yana kuka. Wannan ya fi komai ci min rai.

Matan zumunta na cocinmu sun tsaya mana sosai. Da ranar Alhamis kawai suke zuwa, da jajayen rigunansu da fararen huluna, yanzu sun ƙara kwana biyu a mako. Ɗakin kwana ba ya ɗaukarsu, don haka a falo suke zama su yi waƙa, mu bar ƙofa a buɗe ya ji. Shugabarmu Mama Nowinile, duk da ciwon gwiwarta, ba ta taɓa fashi ba. Ban san yadda zan yi ba da ba su.

Me ke sa ganye rawaya? Ka amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Nozuko

Lusikisiki, ƙarshen Yuli

Nozuko 'yar Baba,

Ina gaisuwa. Ki ce wa surukina na gaishe shi, kuma da gaske nake.

Taurin kanku ya dace da juna, ke da shi. Na bar maganar buhu.

Rawaya yunwa ce. Ƙasarku ta can yashin teku ce kawai, ko ciyawa da ƙyar take yarda da ita, kuma ɗan abincin da ke ciki kin wanke shi da ruwan da kika yi ta zubawa. Ga taki nan na aiko, kashin awaki ne da ya shekara a garke, na daka na tankaɗe. Direban ya buɗe ledar a gabana ya shinshina, ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa kai kashin akuya Cape Town ba, ko can awakin ba sa yi ne? Na ce masa na can sun yi boko. Ki barbaɗa kaɗan a sama, kaɗan na ce, kada ki yi masa irin ta ruwa.

Sai sanyi. Ki ɗaga bokitan daga kan siminti, ki sa katako a ƙasa. Sannan wutar nan da ake ɗauke muku, tana daɗewa?

Zan faɗa miki gaskiya, Nozuko, ina lalube ne. Shekara arba'in ina wannan noma amma ban taɓa shuka a cikin akwati ba. Ni nawa in watsa iri bayan ruwan farko, in kori shanu, in cire mazan shukar, sauran aikin rana ce ke yi. Irin da na ba ki na Baba ne, wanda yake wuce kan mutum a kan doki. Kin tuna muna ɓuya a ciki Mama tana nemanmu da bulala? Irin wannan a ce ya tsaya a tsawon yatsa, akwai abin da ke danne shi, kuma ban gano ba tukuna. Abin yana hana ni sukuni. Jiya na tsaya a gonar, babu komai sai kara, ina ta zagin ƙasa kamar ita ta yi laifi.

Ki rubuto duk abin da kika gani, ko da kina ganin ba shi da amfani.

Bonakele

Khayelitsha, watan Agusta

Yayana,

Gaisuwa. Ka yafe rubutun.

Takin ya yi aiki, kore ya dawo. Na sa katakon. Wuta kuwa ana ɗaukewa awa biyu, wani lokaci sau biyu a rana, ba fiye da yadda aka saba ba. Sun ɗan ƙaru, yanzu sun kai tsawon tafin hannu, sai suka sake tsayawa, na ɗaura sabon ƙulli a zaren.

Ga sabon abu. A kan biyu daga cikinsu wasu fararen gashi sun fito, sirara, a can ƙoli da inda ganye ya haɗu da kara. Sababbin ganyen ƙanana ne, sun cunkushe wuri ɗaya, suna ɗan danƙo. Kuma sun fara wari, warin da na sani tun ina yarinya. Kullum sai na goge falon da man goge daɓe mai ƙamshi don ya danne. Wannan gashin fumfuna ce? In cire?

Gidan yanzu ba ya rabuwa da mutane. Tun da fasto ya sanar a coci cewa jikin ya yi tsanani, matan suka raba kwanaki a tsakaninsu. Tun da sassafe wata za ta ƙwanƙwasa ta karɓe ni in ɗan kwanta, da rana masu waƙa su zo, da yamma mazan su biyo bayan aiki su yi addu'a har dare. Haka muke yi wa kowa, ni ma na yi wa wasu, ba a barin gidan mai jinya shiru. Suna kawo masara da wake, suna wanke zannuwa. Ba ni da bakin gode musu.

Malusi ya daina karɓar kunu. Kindirmo nake ɗiga masa. Ya daina sa ni kwatanta masa shukar, tambaya ɗaya kawai yake yi idan mun rage mu biyu. Shekaranjiya ya riƙe hannuna ya ce, “Nozuko, sun kusa?”

Na ce sun kusa. Bhuti, sun kusa?

Ƙanwarka,
Nozuko

Lusikisiki, Agusta

Nozuko,

Ba fumfuna ba ce. Fure ne. Kada ki taɓa.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a shago, na sake karantawa a hanya, sai da na zo rafi na gane, na zauna a kan dutse. Ke 'yar manomi ce, ki tuna. Yaushe gonar Baba take fure? Ba sai rana ta fara gajarta ba, wajen watan Maris? Muddin yini yana da tsawo, tsawo take yi. Ranar da ta ji dare ya fi yawa sai ta ce sanyi ya taho, ta bar girma ta yi fure da abin da take da shi. Naki sun ga dare ya yi musu yawa tun suna jarirai. Furen da shuka mai tsawon tafin hannu za ta ba ki ba zai cika cokali ba.

A cikin kabad babu rana sai wadda kika kunna. To wa yake gajarta musu yini? Ba masu ɗauke wuta ba ne, ke kika ce awa biyu. Kabad yana falo. Matan suna falo. Da Alhamis kawai, sannan kwana uku, yanzu daga safe har dare. Ni na yi ta aiko miki da kashin akuya kamar wawa, ashe duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ki kashe fitilar.

Ki ce min ƙarya nake yi.

Raina a ɓace yake. Mutum yana cin bargo don ciwo, ke kina tsoron abin da masu fararen huluna za su ce. Kunyarmu kike ji har yanzu, ni da Baba, har a kan gadon mutuwar mijinki. Ki kunna fitilar nan ki bar ta, dare kaɗan ya ishe su. Wataƙila su saki furen su koma girma, amma zai ɗauki makonni, kuma daga abin da kike rubutowa ban ga makonnin ba.

Ki yi haƙuri da zafin maganata. Ba ni da wata ƙanwar.

Bonakele

Khayelitsha, farkon Satumba

Yayana Bonakele,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ba ƙarya kake yi ba.

Hasken yana fita ta tsagar ƙofar kabad, fankar kuma tana ƙara. Don haka nakan kashe kafin mai zuwan safe ta iso, in kunna bayan na ƙarshe ya tafi. Wani lokaci gajiya takan sa in manta har gari ya waye. Ban taɓa kawowa a raina cewa shuka tana ƙirga haske ba. Na ɗauka kamar abinci ne, idan ta samu kaɗan yau za ta rama gobe. Ban faɗa maka ba don ban ɗauke shi a bakin komai ba, ko kuma don na san abin da za ka ce. Ban sani ba.

Ranar Alhamis da wasiƙarka ta zo, na bar fitilar a kunne. Suka shigo suka zauna, farin haske ya kwanta a daɓe daidai ƙafafunsu. Aka fara waƙa, ni bakina kawai ke motsi. Ana cikin baiti na biyu Mama Nowinile ta dafa sandarta ta miƙe, ta je ta buɗe kabad ɗin. Waƙar ta mutu. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Ta daɗe tana kallon bokitan. Sannan ta juyo ta ce, “Yarinya, su wane ne waɗannan marayun?”

Na faɗi komai a gaban kowa, ina kuka. Na jira a ce in cire hular zumunta. Sai ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun kafin Yuni. Ta riƙe baki.

“Tun Yuni,” in ji ta. “Ni kuma ina zuwa ina yi masa waƙa. Da me kike tsammani nake tafiya da gwiwoyin nan? Irin shukar nan biyu gare ni a bayan ɗaki, tsakanin kabeji, tun zamanin marigayi mijina. Busasshe yana nan cike da kwalba. Me ya hana ki buɗe baki?”

Wata daga baya ta ce ita ma kakarta da shi take dafa musu maganin tari. Wata kuma ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita, har yau ba ta dawo ba. Ita kaɗai ce, Bhuti. Mutum ɗaya.

Washegari Mama Nowinile ta zo da kwalbar a jaka, kusa da littafin waƙoƙi. Ita ta dafa da madara, ita ta shiga wurinsa. Ya tambaye ta da ɗan muryar da ta rage ko na saye ne. Ta ce masa, “Malam, da hannuna na shuka, a gidana, kuma kyauta na kawo. Buɗe bakinka.” Ya buɗe. Cokali biyu suka wuce, na uku ya tsaya, maƙogwaron ya riga ya fara rufewa. Duk da haka ya yi barci tun azahar har faɗuwar rana, ba bargo a baki. Na zauna ina kallon fuskarsa, na manta haka take idan ba ciwo.

Jiya mun sake gwadawa, bai wuce ba. Yau ma haka. Muna shafa masa a leɓe.

Wata uku, Bhuti. Abin yana bayan layinmu, gida na huɗu, a hannun matar da ke zama a kujerata. Ka yi mana addu'a irin taka.

Ƙanwarka,
Nozuko

Khayelitsha, Satumba

Yayana,

Malusi ya rasu ranar Talata da hantsi. Idonsa biyu, kuma yana jin ciwon har ƙarshe. Barcin ranar Juma'ar nan shi ne kaɗai ya samu.

Za mu kawo shi gida wurin iyayensa, jana'iza Asabar ta sama. Ka zo ka tsaya kusa da ni. Kada ka kawo komai.

Ka tambaya a waya yadda shukar take, ga amsar. Ban kashe fitilar ba tun ranar Alhamis ɗin nan. Ta uku ta bushe. Biyun sun saki furen, sun fito da sabon ganye, manya irin na gonar Baba. Da safen nan na sa zaren, sun wuce ƙullin da yatsa huɗu.

Ƙanwarka,
Nozuko